Ina su Tanko da Nomau suka shiga?

Mushe Lawali:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, ina so mu tattauna shi. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Maradi, kullum da safe ni ke kiran sunayen yara. Ajin da ke hannuna babu Tanko, babu Nomau, babu Delu, babu Asabe ko ɗaya. Su Afnan ne da Hanan da Amir da Walid da Ilham. Amma in ka tambayi yaro sunan kakansa sai ka ji Arzika, Barmo, Shibkau, Ɗanladi, Bawa. Tsakanin kaka da jika an share sunaye kaf, kuma ban ji ranar da aka zauna aka yanke shawarar haka ba. Shin ci gaba muka samu, ko asara muka tafka?

Maman Hanan:
Wa alaikumus salam Mushe. Ci gaba ne mana. Hausawa da kansu suka ce suna linzami ne. Ni ba zan sha wahalar ciki wata tara in haifi ɗiya in ce mata Ajuji ba, ta je lakwal yara su riƙa nuna ta. An samu ilimin addini, an gane sunaye masu kyau, shi ke nan.

Baba Abarshi:
Ɗiyata, ki saurari labarin nawa sunan tukuna. Sunana na yanka Isufu, shi liman ya raɗa, shi anka yanka wa rago. Amma ba wanda ya san ni da shi sai takarda. Kafin ni mahaifiyata ta yi ta haihuwa ana binnewa, ba wanda ya kai yaye. Da anka haife ni kakata ta karɓe ni hannun ungozoma, ta ce ya Allah a bar shi, a bar muna wanga. Abarshi ke nan. Duk Bahaushen da ya ji sunan nan ya san abin da uwata ta gani ba sai an gaya mashi ba. Haka Barmo, haka Abarta ga mace. Mantau kuma shi ne wanda zuwanshi ya mantar da uwa baƙin cikin da ta sha. To ki gaya mani, mi ne abin kunya cikin addu'ar tsohuwa?

Maman Hanan:
Allah ya ba ku haƙuri Baba, ba naku nake nufi ba. Abarshi addu'a ce, na yarda. Amma Ajuji fa? Bawa fa? A ce ɗan mutum shara ne ko bawa?

Hajiya Delu:
Ƙanwata, ni ma bari in sa baki. Maza uku ne a gabana, da na zo aka ce Delu, wasu garuruwan Kande suke cewa. Namijin da ya biyo mata shi ne Tanko. Wanda ya biyo tagwaye Gambo. Wanda aka haifa bayan rasuwar uba Audi. Wanda uwarsa ta daɗe ba ta haihu ba Tuni, mace Tune. Mai yatsa shida Cindo. Wanda ya daɗe a ciki har aka gaji da lissafi Shekarau. A ƙauyenmu ta wajen Madarumfa lokacin ba mai takardar haihuwa, sunan shi ne takardar. In tsofaffi suna gardamar wa ya girmi wa, sai a ce ai Shibkau ranar shuka aka haife shi, Nomau kuwa sai da aka shiga noman farko, to Shibkau ne babba. Anaruwa ana tsuga ruwa ya faɗo. Ɗari cikin hunturu. Azumi da Sallau ba sai na faɗa ba. Yanzu jikokina in ka cire musu takarda ba wanda zai iya gaya maka ko da damina aka haife shi ko da rani.

Malam Sanusi:
Bismillah. A raba abubuwa biyu, don kada a haɗa gaskiya da kuskure cikin buhu ɗaya. Tanko, Delu, Gambo, Nomau, Jummai, Ɗanlami, duk labari ne na yadda haihuwa ta zo, babu wani laifi a ciki. Amma sunayen ƴaƴan wabi akwai aƙida a ƙarƙashinsu. A da ana ɗaukar jariri a kai shi kan juji a ajiye, wata tsohuwa ta tsinto shi, a ce Ajuji, wai don abin da ke ɗauke ƴaƴan ya ga ba a damu da wannan ba ya ƙyale shi. Wani a yi kamar an sayar da shi a ce Bawa ko Baiwa. Wannan dabara ce ta yaudarar ajali, kuma ajali ba ya yaudaruwa. Nan ne na tsaya tare da Maman Hanan.

Kuma sauya suna mara kyau sunna ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya sunan wata ɗiyar Sayyadina Umar daga Asiya zuwa Jamila. Ya sauya Barra zuwa Zainab, saboda Barra yabon kai ne. Ya tambayi kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa, ya ce Haznu, wato ƙasa mai tauri da gargada. Ya ce masa a'a, kai Sahlu ne, mai sauƙi. Mutumin ya ce ba zai sauya sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsanani bai bar gidansu ba. Buhari ya ruwaito wannan. Muslim kuma ya ruwaito cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman.

Asiya:
Innalillahi! Malam, sunana ke nan fa. Ku yi mini bayani don Allah, hankalina ya tashi.

Malam Sanusi:
Kwantar da hankalinki ɗiyata. Sunaye biyu ne da bakinmu ya mayar ɗaya. Wanda aka sauya ana rubuta shi da ainun da sadun, ma'anarsa mai saɓo. Naki da alif da sinun ne, sunan matar Fir'auna mumina, wadda Annabi ya lissafa cikin matan da suka cika. Ki riƙe abinki.

Asiya:
Alhamdu lillahi. Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi.

Ɗan Tibiri:
Allah gafarta Malam, ina da magana, kuma ba don raina ilimi ba. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, na ɗan bi wannan fanni. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutanenmu sun ɗauka duk sunan Larabci daga sama ya sauko, na Hausa kuwa ƙauyanci ne. Alhali Larabawa ma irin namu suka yi. Hadiza, wato Khadija, asalin ma'anarta jaririyar da aka haifa kafin watanninta su cika, bakwaini ke nan. Fatima daga yaye take. Bakar da ke cikin Abubakar ɗan raƙumi ne. Hanzala wata guna ce mai ɗaci. Ɗalha itacen ƙaya ne. Rabi'atu ta huɗu. Har gobe Larabawa suna sa wa yaro Ramadan, Rajab, Sha'aban, Jumu'a da Khamis. To mene ne bambancin Ramadan da Ɗan'azumi, ko Khamis da Ɗanlami? Yare ne kawai.

Malam Sanusi:
Maganarka gaskiya ce ta fuskar lugga, ban musa ba. Amma ba don ma'anar kalma muke sa Hadiza ba, don matar da ta ɗauki sunan ne. Uban da ya ce Hadiza ba bakwaini yake tunawa ba, Uwar Muminai yake tunawa, yana fatan ɗiyarsa ta bi sawunta. Wannan fata ba ta cikin Talatu. Sai dai zan ƙara maka hujja a kan taka, don adalci. Annabi ya iske Sayyadina Ali yana barci a masallaci, ƙasa ta manne a bayansa, ya riƙa share masa yana cewa tashi Abu Turab, wato mai ƙasa. Kuma babu sunan da Ali ya fi so a kira shi da shi kamar wannan. Abu Huraira saboda ƴar kyanwa aka kira shi haka, har sunan yankan ya ɓace a bakin mutane. Saboda haka laƙabin da ya fito daga wani abu da ya faru ba baƙo ba ne a Musulunci. Abin da Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana shi ne jifan juna da laƙabin da mai shi ke ƙi.

Ɗan Tibiri:
Madalla Malam. A kan Bawa kuma, Maman Hanan, mu Gobirawa ba mu jin sunan nan da ƙasƙanci. Bawa Jangwarzo ya mulki Gobir, har yau in aka ambace shi sai an gyara zama. Ku ma Katsinawa ku duba jerin sarakunanku: Korau, Ɗan Kasawa da ya kafa sarauta a Maradi bayan faɗuwar Katsina a 1807, Ɗan Baskore. Da waɗannan sunaye tarihi ya san su.

Maman Hanan:
Sarki ne shi ya sa. Ka sa wa ɗan talaka Bawa yau ka gani ko za a gyara masa zama.

Alhaji Sallau:
Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, fatauci ya kai ni wurare. Na yi Kumasi, na yi Legas, na yi Onica. Abin da na gani shi ne mu kaɗai muke jin kunyar namu. A Gana mutane da yawa suna da sunan rana kuma da shi suke tinƙaho. Namijin Juma'a Kofi, na Asabar Kwame, na Lahadi Kwasi, na Laraba Kwaku. Kofi Annan da ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, cikakken sunansa Kofi Atta Annan. An haife shi ranar Juma'a a Kumasi a 1938, Atta kuma ɗan tagwaye ne. Da Bahaushe ne Ɗanjuma za a ce masa. Ya zaga duniya da sunan nan ba wanda ya ce ƙauyanci ne. Kwame Nkrumah kuma Ɗan'asabe.

Yarbawa kuwa kamar tare muka zauna muka tsara. Tagwaye Taiwo da Kehinde, wanda ya biyo su Idowu, Gambonmu ke nan. Sai dai su wanda ya fito daga baya, Kehinde, shi suke ɗauka babba, wai shi ya aiki ɗan'uwansa ya fara leƙo duniya. Wanda aka haifa lokacin biki Abiodun, ni ke nan Sallau. In kaka ya rasu aka haifi namiji sai su ce Babatunde, baba ya dawo, mace Yetunde. Kuma suna da wabi irin namu, abiku suke cewa. Malomo, kada ka sake tafiya. Kosoko, babu fartanyar haƙa kabari, kuma an yi sarkin Legas mai wannan suna. Baba Abarshi, da a Ibadan aka haife ku da Malomo za a ce muku.

Inyamurai da ranakun kasuwarsu huɗu suke sawa, Eke, Orie, Afo, Nkwo. Daga nan Okeke da Okafor da Okonkwo suka fito, da Nwankwo na Kanu ɗan ƙwallo.

Baba Abarshi:
Ikon Allah. Ashe uwa duk inda take kukanta ɗaya ne.

Ɗan Tibiri:
Har wajen Afirka Baba. A Mongoliya akwai masu suna Nergui, ma'anarsa ba shi da suna, da Enebish, ba wannan ba ne. Dalilin ɗaya ne da na Ajuji, a ɓatar da abin da ke ɗauke yara. Mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba, mutuwar jarirai ta koya musu dabara ɗaya. Shi ya sa nake ganin ko da Malam ya yi gaskiya a kan aƙidar, bai kamata mu yi wa kakanninmu kallon jahilai ba. Mace ce ta binne ƴaƴa, babu likita kusa, babu rigakafin ƙyanda, ta kama abin da hannunta ya kai.

Malam Sanusi:
Uzuri daban, koyi daban. Muna yi musu uzuri da addu'a, ba mu maimaita.

Sambo:
Mu Fulani jerin haihuwa muke bi. Ɗan fari Dikko, na biyu Sambo, mace ta biyu Kumbo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944 sunan nan ne. Kuma namu bai mutu ba, a ruga har yanzu da shi ake kira, don uwa ba za ta iya buɗe baki ta faɗi sunan ɗan farinta ba.

Mushe Lawali:
Sambo ka taɓo ni. Nawa ma lissafi ne. Gidan da uba ya ƙudura duk ɗa namiji Muhammadu ne, dole a bambanta su: Auwalu wanda mu nan muke cewa Lawali, sai Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. Ƙirga ce daga ɗaya zuwa goma da Larabci. Rumawan da ma suna da Kwintus da Sekstus, na biyar da na shida. Japanawa suna da Ichiro, Jiro, Saburo, na ɗaya, na biyu, na uku. Abin da na lura shi ne yanzu ana sa wa ɗan fari Rabi'u don an yi wa wani takwara, lissafin ya rikice.

Bitrus:
Gaisuwa ga manya. Ni Kirista ne, Bahaushe, iyayena daga wajen Tibiri. Mu namu sunayen kashi biyu ne. Akwai na Littafi da bakin Hausa, Bitrus, Bulus, Yohanna, Istifanus, Saratu, Rifkatu. Akwai kuma na Hausa zalla da muke sawa a matsayin sunan gaskiya, wanda ke kan takarda: Alheri, Godiya, Murna, Haƙuri. Ƙanwata Godiya ce, kuma duk wanda ya kira ta ya san abin da iyayenmu suka ji ranar da ta zo. Abin da nake so in ce, Hausa ba ta rasa kalmomi masu daɗi ba. In Ajuji ne matsala, ga Arziki, ga Nasara, ga Wadata, ga Yalwa. Turawa ma da muke gani, Noël wanda aka haifa da Kirsimeti ne, Pascal da Ista. Sallau ne nasu.

Maman Hanan:
To bari in faɗi wani abu, don na ga kamar an ɗauke ni mai gudun al'ada. Hanan ba shi ne sunan yankan ɗiyata ba. Sunanta Hadiza, sunan uwar mijina aka mayar. Ni kuwa ba zan tsaya tsakar gida in ƙwala kiran sunan surukata ba, balle in yarinya ta yi ɓarna in haɗa da faɗa. Dole a nemo na kira. Aka ce Ummi, gidan akwai Ummi biyu. Aka ce Nana, akwai. Sai na ɗauko Hanan.

Mushe Lawali:
Alhamdu lillahi, Maman Hanan kin warware mini abin da na kasa kamawa. Ku duba da kyau jama'a. Baba Abarshi sunan yankansa Isufu. Hajiya Delu na tabbata ita ma tana da nata.

Hajiya Delu:
Zainabu.

Mushe Lawali:
To kun gani. Ashe ba sunan Musulunci ne ya kori Tanko ba. Sunan yanka tun kakanni na Musulunci ne, Isufu da Zainabu suna nan ba inda suka je. Gurbin da ya sauya shi ne na biyu, na kira, wanda alkunya ta haifar. Da kaka ce ke cika gurbin nan, ta dubi rana, ta dubi damina, ta dubi halin da gida ke ciki, ta yanke laƙabi. Yanzu uwa ce ke cika shi, daga waya ko daga fim. Alkunyar ba ta mutu ba, ita ce ma ta sa aka nemo Hanan. Abin da ya mutu shi ne laƙabin ya ba da labarin yaron. Delu tana gaya maka maza ne a gabanta. Afnan, rassan itace ne a Larabci, kalma ce mai daɗi kuma tana cikin Suratur Rahman, amma ba ta gaya maka komai a kan yarinyar. Ni a wurina nan asarar take.

Maman Hanan:
Tana gaya maka uwarta ta so mata abu mai kyau. Wannan ma labari ne Mushe.

Hajiya Delu:
Labari ne, amma na kowa da kowa ne. Wace uwa ce ba ta so?

Malam Sanusi:
Ƙari a kan maganar Mushe. Kakanninmu ko sunan yankan ma sai da suka yi masa rigar Hausa saboda kunya da girmamawa. Abubakar ya zama Garba ko Habu, Umaru Sanda, Usumanu Shehu ko Mani, Yusufu Maitama, Musa Kalla, Ibrahim Iro, A'isha Indo, Hauwa'u Kulu ko Jidda, Maryamu Mairo, Zainabu Abu, Bilkisu Maigado saboda gadon sarautarta da Alƙur'ani ya ambata. Wannan ilimi ne, ba jahilci ba. Wanda ya ce wa Bilkisu Maigado ya san Suratun Namli. Ni abin da nake roƙon iyaye, duk sunan da aka tsinto a intanet a kai wa wanda ya san Larabci kafin ranar suna. Ba kowace kalmar da ke cikin Alƙur'ani ce ta dace da suna ba, Fir'auna ma yana ciki.

Rabi ta Arlit:
Ni ƴar Maradi ce aure ya kai ni arewa. Buzaye nasu a fili yake, namiji ag, mace walet, wato ɗan wane, ɗiyar wane, kamar Firhun ag Alinsar da ya yi wa Faransawa tawaye a 1916. Daidai da bin da bintu na Larabawa, daidai da Usumanu ɗan Fodiyo. Amma ni damuwata ba laƙabi ba ce, takarda ce. Ɗana Abubakar ne. Takardar haihuwa an rubuta Aboubacar, ta lakwal Boubacar, wata kuma Aboubakar da k. Da ya zo jarrabawa aka ce ba mutum ɗaya ba ne. Mun sha zirga-zirga da kashe kuɗi kafin a daidaita. Ku iyaye, ranar da za a rubuta sunan yaro ku tsaya a kan mai rubutun, ku karanta harafi harafi kafin ku bar wurin.

Mushe Lawali:
Wannan ciwo ne da nake gani duk shekara. Lawali kaɗai ana rubuta shi Laouali, Lawali, Laoualy, Lawaly. Tushen matsalar shi ne takardun an gina su a kan tsarin Faransa, gida biyu: sunan dangi da sunan mutum. Mu kuwa ba mu da sunan dangi mai bin zuri'a, sunanka ne da na ubanka, jikanka kuma ya ɗauki na ɗanka. Sai ma'aikaci ya rasa wanne zai sa a wane gida, yau naka a gaba, gobe na uba. Ko shugabannin ƙasa ba su tsira ba, ana cewa Diori Hamani ana cewa Hamani Diori, ana cewa Tandja Mamadou ana cewa Mamadou Tandja.

Ɗan Tibiri:
Su ma masu sunan dangin ba da shi aka halicce su ba. Smith na Ingila maƙeri ne, Lefebvre na Faransa maƙeri ne, Haddad na Larabawa maƙeri ne, sana'ar wani kaka ce ta daskare ta zama sunan gida. Turkiyya sai a 1934 aka yi dokar da ta tilasta wa kowa ɗaukar sunan dangi. Habasha har yau irin namu suke yi, sunanka da na ubanka. Aisland a Turai ma haka, sunan uba a liƙa masa ɗan ko ɗiyar. Faransa kanta daga 1803 zuwa 1993 doka ta taƙaita sunayen da iyaye za su zaɓa, galibi sai na cikin kalanda da na mutanen tarihi. Ƴan'uwanmu na Najeriya kuwa da boko ya nemi suna na biyu da yawa sai suka ba da garinsu, Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Akwai kunyar faɗin sunan uba a ciki.

Alhaji Sallau:
Wasu shugabannin har da ƙarfin mulki suka so maido da sunayen gida. Mobutu ya yar da Joseph-Désiré a 1972, Tombalbaye na Cadi ya yar da François ya koma Ngarta a 1973, suka matsa wa jama'a su bi. Ni ban goyi bayan tilas ba. Sunan ɗa hakkin iyaye ne.

Baba Abarshi:
Ba mu ce a tilasta kowa ba Alhaji. Ni dai jikokina duk wanda anka haifa ina ba shi nawa, ko uwar ta so ko ta ƙi. Akwai wadda suke ce ma Ilham, ni Lami nake ce mata, ran Alhamis ta zo. Kuma in na kira tana amsawa da gudu.

Maman Hanan:
Lami da Jummai ban ƙi ba Baba. Kaka yana da wannan hakki. Amma kan takarda da bakin ƴan lakwal, a bar mini wanda na zaɓa.

Rabi ta Arlit:
Tunda an zo maganar takarda, ga wata. Me ya sa mace in ta yi aure a ma'aikata sai a koma kiranta Madam wane, da sunan miji, nata da na ubanta su koma baya? Ni abin nan yana ci mini rai. Ubana ya raine ni, ya sa ni lakwal, ranar da na samu aiki sai sunan wani ya hau kan ƙofa.

Malam Sanusi:
Wannan ba namu ba ne, ba na addini ba ne. Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da iyayensu maza, shi ya fi adalci a wurin Allah. A kan ɗan riƙo ta sauka, Zaidu da ake ce wa ɗan Muhammadu ya koma Zaidu ɗan Harisa. Matan Annabi ba wadda ta ɗauki sunansa, ga shi babu miji kamarsa: A'isha ɗiyar Abubakar, Hafsa ɗiyar Umar, Safiyya ɗiyar Huyayyu. Nana Asma'u matar Waziri Giɗaɗo ce, amma duniya ta san ta da ƴar Shehu.

Alhaji Sallau:
Malam ai ba a ce ɗiyarsa ce ba, an ce matarsa ce. Kowa ya san ma'anar Madam. Ni ina ganin girmamawa ce, ana nuna tana da aure.

Rabi ta Arlit:
To Alhaji in an rabu fa? Na san wadda ta yi suna a wurin aiki da sunan mijin farko, aure ya mutu, ta sake wani, sai da ta bi ofis ofis tana gyara. Wasu har yau da sunan tsohon mijin suke kiranta a gaban sabon. A Sin da Koriya mace ba ta sauya suna don aure, a Habasha ma haka.

Hajiya Delu:
Mu zamaninmu ko sunan miji ba mu faɗi, balle mu ɗauka mu liƙa a jikinmu. Malam nake ce masa har ya koma ga Allah. Da ma'aikatan ƙidaya suka zo gida suka tambaye ni sunan maigida, sai da na aika aka kira yaron maƙwabta ya faɗa musu, ni ina daga bayan ƙyaure. Rabi, in kin je gyaran takardarki ki sa Rabi da sunan mahaifinki, in sun tambayi na miji akwai gidansa daban a ƙasa, su rubuta shi can.